Baƙin Mai a Wuyan Buhu

Shekarun baya, a lokacin da tsadar rayuwa ta fara shiga gidajen da a da ba ta san hanyarsu ba, ina aiki a wani ɗan kamfanin casar shinkafa da ke gefen titi tsakanin Dawakin Tofa da Bagwai. Ni ne mai kula da wuta da na'urori. Takardata ta difloma ce kawai, amma tun ranar da na fara zuwa leburori suka laƙaba mini Injiniya, ni kuwa ban taɓa gyara musu ba. In gaskiya ake so, har jinkiri nake yi kafin in amsa, don a sake kira wanda bai ji ba ya ji.

Abin da na fi tinƙaho da shi a kamfanin wata 'yar na'ura ce da ba ta fi akwatin ashana girma ba. Sensa ce mai aiki da hasken leza, amma ma'aikata jan ido suke ce mata. Tana maƙale a jikin keken ɗinkin buhu. In an cika buhu, bel ne yake ɗauke da shi a tsaye zuwa wajen keken. Ita kuma tana harba wani siririn jan haske, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar gero. In ɗigon ya faɗa a wuyan buhu hasken ya dawo mata, ta san buhu ya iso, sai ta tashi keken. In hasken ya daina dawowa, ta ɗauka buhu ya wuce, sai ta tsayar da ɗinki ta yanke zare. Ni na ɗaura ta, ni na saita ta, kuma duk baƙon da ya shigo sai na ja shi wajenta na yi masa bayanin da bai tambaya ba.

Wanda yake tsaye a gaban keken abokin mahaifina ne. Tare suka tashi, kuma tun da mahaifina ya rasu shi yake leƙo mu. Shi ya yi mini magana ma aka ɗauke ni aiki. Kowa Baba yake ce masa. Kafin a kawo keken, shi yake ɗinke buhu da basilla, da aka kawo sai aikinsa ya koma ninke bakin buhu ya miƙa wa keken, ya juya ya tari na baya. Ba shi da wani abin hannu, gonarsa ma 'yar ƙarama ce. Amma a garinmu in za a auna hatsin gado, ko a raba na zakka, ba a farawa sai an aika an kira shi. Mutane sun yarda da hannunsa a kan kwano, kuma abin da yake da shi ke nan.

A shekarar da nake ba ku labari, dizal ya yi tsadar da mai kamfani ya kasa sayen shinkafa shanshera ya casa da kansa. Sai aka buɗe wa manoma ƙofa: kowa ya kawo tasa, a casa masa, ya biya ladan aiki. Sabon buhu ma ya zama abin lissafi, don haka kowa da tsofaffin buhunansa yake zuwa, na taki, na masara, wasu duk faci. Kuma kun san yadda muke yi, kowane gida da shaidarsa don kada kaya su cakuɗe. Wani tsumma yake ɗaurawa a kunnen buhu, wani ya rubuta sunansa a ciki. Mutanen wani ƙauye da ke bayan dam, su baƙin mai suke samu wajen mai gyaran injin ban ruwa, su shafa a wuyan buhu daga tsakiya, faɗin tafin hannu, don ko an jera buhu ɗari a tsaye daga nesa za su gane nasu. Na sha wucewa ta gaban buhunan nan, ban taɓa kallonsu sau biyu ba.

Wajen mako uku da fara wannan aikin sai ƙorafi ya fara zuwa. Mutum ya kai buhu gida ya tarar da ɗinkin bakinsa da giɓi a tsakiya, daidai inda hannu zai shiga, kuma shinkafa ta ragu, wani kwano guda, wani fiye. A shekarar nan kwano guda ba wasa ba ne, abincin yini ne na gida guda. Abin da ya ƙara dagula maganar, duk masu ƙorafin 'yan ƙauye ɗaya ne. Sai wani ya tuno cewa Baba ya taɓa yin shari'ar iyakar gona da wani gida a can, shekaru da yawa da suka wuce. Wani kuma ya ce ai kullum da yamma ana ganinsa ya fito da ƙullin shinkafa a leda. Gaskiya ne ana ganinsa. Gutsattsarin da ya zube ƙasa ne yake sharewa, kuma da izinin manaja, amma mai kawo magana bai kawo wannan rabin ba.

Wata Laraba da hantsi masu ƙorafin suka zo su wajen goma sha, da dattijonsu a gaba, ɗauke da buhu ɗaya a matsayin shaida. Aka tsayar da aiki. Layin masu jiran casa duk ya matso, har masu tallan abinci na bakin ƙofa. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya nuna giɓin, ya ce su ba su zo faɗa ba, amma wahalar wata huɗu ce a cikin buhun nan, kuma suna so su san hannun wa yake shiga ciki.

Manaja ya dubi Baba. Baba ya ce, "Ni dai na san na ninke na miƙa. Amma wani lokaci ina jin keken yana wani ɗan tari a tsakiyar buhu, kamar ya tsaya ya sake tashi."

Sai duk ido ya dawo kaina. Manaja ya ce, "Injiniya, na'urarka lafiya take?"

Har yau ina jin yadda kalmar na'urarka ta sauka mini. Na ji kamar ni aka kawo ƙara. Na ce lafiyarta ƙalau, kuma yanzu kowa zai gani da idonsa. Na sa aka ɗauko buhu goma daga sito, sababbi fil, farare, masu tambarin kamfani, irin waɗanda na saita ta da su tun farko. Aka cika, aka tashi bel, na tsaya da kaina a wajen Baba na miƙa su ɗaya bayan ɗaya. Goman nan suka fito da ɗinki a miƙe daga kunne zuwa kunne. Ina miƙawa ina satar kallon jama'a, ina jin daɗi. Allah ya yafe mini, daɗi nake ji.

Baba ya matso kusa da ni, ya sassauta murya. Ya ce, "Ɗana, gwada da nasu."

Buhun nasu yana nan jingine, taku uku daga inda nake. Na ce, da muryar da kowa zai ji, "Baba, buhu ai buhu ne. Na'ura ba ta san na wane da na wane ba. Mutum ne ya sani."

Ban yi nufin abin da maganar ta zama ba, ko kuma haka nake gaya wa kaina. Amma na ga dattijon nan ya gyaɗa kai. Baba ya dube ni. Ya cire ƙyallen da yake rufe hanci saboda ƙaiƙayi, ya ninke shi ya sa a aljihu. Manaja, don ya kashe wutar, ya ce Baba ya je gida ya huta tukuna har a bincika. Kowa a wurin ya san ma'anar hutun. Ya bi ta tsakiyar mutane ya fita, suna buɗe masa hanya ba mai kallon fuskarsa.

Abin da ya ƙarasa shi kuwa, mutanen ƙauyen nan sun riga sun gama casar shinkafarsu ta damina. Buhun da suka zo da shi na ƙarshe ne. Don haka daga ranar da Baba ya tafi, giɓi ya ɗauke ɗif. Wata ɗaya, wata biyu, ba ƙorafi. Duk mai sauran shakka ya ajiye ta. Ni ma na ajiye tawa, don da ma ba na son riƙe ta.

Ba wanda ya taɓa ce masa ɓarawo a fuska, mu ba haka muke yi ba. Gaisuwa tana nan, sannu Baba, ina gajiya Baba. Sai dai da aka yi rasuwa a unguwarmu aka zo rabon hatsi, wani aka kira. Da aka tara na zakka, limaminmu ya ce a bar Baba ya huta, ya tsufa. Yana zuwa masallaci, ya yi salla a ƙarshen sahu, ya ɗauki takalmansa ya tafi. Gidanmu kuma ya daina leƙowa. Mahaifiyata ta tambaye ni sau ɗaya, ta ce, "Kai ka gani da idonka ya ɗiba?" Na ce ban gani ba, amma na'ura ba ta ƙarya. Ta ce, "To," ta ci gaba da tsintar wakenta.

Wanda aka sa a gaban keken wani abokina ne, tare muka yi firamare. Da shinkafar rani ta nuna, wajen wata biyar bayan abin, mutanen bayan dam suka dawo da buhunansu. Rana ta biyu ina can baya ina fama da janareta, sai ga abokina ya zo ya ja hannun rigata. Ya ce, "Zo ka ji tarin da Baba yake faɗa."

Na bi shi. Ya ninke bakin buhu ya miƙa, ni kuma na durƙusa na zuba wa jan ɗigon ido. Yana tafiya a kan farin buhu yana ƙyalli, keke yana ɗinki. Yana hawa baƙin man sai ya dusashe, kamar garwashi da aka yayyafa wa ruwa. Keken ya tsaya, na ji ƙas, an yanke zare. Bel kuwa bai tsaya ba. Baƙin yana wucewa, fari ya dawo, keken ya sake tashi ya ƙarasa. Duka bai kai daƙiƙa biyu ba, cikin ƙarar injin casa. Buhun ya fita da giɓi faɗin tafin hannu, a ninke, ba ka gani sai an kwantar da shi a bayan babur an hau hanyar gona mai gargada, yana tsiyaya kaɗan kaɗan har gida.

Abin haushin, ba sabon ilimi ba ne. Baƙi yana shanye haske, fari yana mayar da shi, tun a sakandare aka koya mana. Yana nan ma a rubuce cikin takardar da ta zo da na'urar, wadda na ajiye a durowa ina nuna wa mutane bangonta. Na ɗauko sukundireba, na murɗa ɗan abin da ke ƙara mata ji, na gwada da buhunan nasu har ta daina yankewa. Gyaran bai ci minti biyar ba. Na daɗe a durƙushe bayan na gama.

Abokina ya ce, "Yanzu ya za ka yi?"

Na ce, "Ka ba ni lokaci."

Zan so in ce muku daga nan gidan Baba na wuce. Kwana goma sha ɗaya na yi ban gaya wa kowa ba. Ina ta yi wa kaina lissafi: aiki yana wuya a shekarar nan, ni nake ciyar da gida, in manaja ya ji kuskurena ne ya jawo wa kamfani wannan abin kunya, wa ya san abin da zai yi? Na ce ai abu ya riga ya wuce, tono shi ba zai mayar da komai ba. Abokina bai sake yi mini maganar ba, amma ya daina cin abincin rana tare da ni. Ni kuwa tuwo ya daina wucewa.

Mahaifiyata ce ta tare ni wata safiya zan fita. Ta ce in zauna. Ta ce ta ga kwano yana dawowa yadda ta aika shi, ko dai ciwo ne ko dai laifi, kuma ba ta ga alamar zazzaɓi ba. Na gaya mata komai, har da bayanin haske da baƙin mai, wanda na ja shi da tsawo don in jinkirta isa wajen da ya fi nauyi. Ta bari na gama. Sannan ta ce, "Ni ban san wannan jan idon naku ba. Kwana nawa da ka sani?"

Na ce sha ɗaya.

Ta ce, "Watanni biyar ɗin can kuskure ne. Kwana sha ɗayan nan kai ka zaɓa. Tashi ka tafi, kada ka bari su zama sha biyu."

Na sami Baba a zaurensa yana gyaran ƙotar fartanya. Ya rame. Ya amsa sallamata kamar jiya muka rabu, ya tambayi mahaifiyata. Na durƙusa na faɗa masa. Ina faɗa ina kuka. Ya saurara bai daina sassaƙar da yake yi ba. Da na kai ƙarshe na ce ya yafe mini, ya ajiye wuƙar.

Ya ce, "Yafiya mai sauƙi ce, na yafe, don Allah da kuma mahaifinka. Amma ba a zauren nan aka zubar da ni ba. A ƙofar kamfani ne, a gaban jama'a. In da gaske kake, can za ka kai wannan maganar."

Na kai. Na fara gaya wa manaja, ya yi faɗa sosai, bai kore ni ba, wataƙila don ba shi da wani mai gyara. Washegari da layi ya cika na tsayar da bel, na mayar da saitin yadda yake a da, na nuna wa mutane giɓin yana fitowa da kansa a buhu mai baƙin mai, sau uku, ba hannun kowa. Na ce Baba ya roƙe ni in gwada ran nan na ƙi. Ranar Juma'a na hau babur na je ƙauyen bayan dam, na nemi izinin liman bayan salla, na maimaita. A masallacinmu ma haka. Dattijon nan na bayan dam, Allah ya saka masa, ya taso da mutum huɗu har zauren Baba suka nemi gafara.

Baba ya koma aiki, don shekarar ba ta bar wa kowa zuciyar ƙin aiki ba. Muna gaisawa kullum, yana tambayar gida. Sai dai daga ranar Injiniya yake ce mini, kamar kowa, kuma ban taɓa jin kira mai ɗaci kamar wannan ba. Awon hatsi kuwa bai dawo masa duka ba. Wasu gidajen sun ci gaba da kiransa, wasu sun riga sun saba da wanda suka samu. Ya yi shekara uku a gaban keken, sannan ƙafa ta hana shi tsayuwa. Bayan shekara guda Allah ya yi masa rasuwa, da damina.

Ranar uku muna zaune a tabarma a ƙofar gidansa, sai wani mutum ya zo wucewa a keke, daga wani ƙauye can gaba. Ya ga zaman makoki, ya sauka kamar yadda ya kamata, ya yi addu'a. Sannan ya tambayi na kusa da ni a hankali wanda ya rasu. Aka gaya masa. Ya ce, "Allahu akbar. Wannan da aka kama yana ɗibar shinkafar mutane a kamfani? Allah ya yafe masa, ya sa ya huta."

Ba da mugunta ya faɗa ba, addu'a yake yi masa da zuciya ɗaya. Na bi shi har wajen kekensa na riƙe kan keken, na ba shi labarin tun daga farko. Ya saurara da haƙuri. Ya ce, "Allah sarki. Ni wallahi wancan kaɗai na ji." Ya hau ya tafi, ni kuma na tsaya ina tunanin mutum nawa ne irinsa a ƙauyukan nan da ba su zo wucewa ta ƙofar gidan ba.

Yanzu na bar wancan kamfanin, amma har yau aikin nake yi, kuma ina son na'urorin nan. Ba su da laifi. Abin da ka nuna musu shi suka sani, ni ne na nuna wa tawa farin buhu kaɗai, sannan na kafa ta shaida a kan mutumin da ya shekara talatin yana riƙe buhu iri iri. Duk inda aka kira ni saiti, ba na taɓa komai sai na zauna da wanda yake tsayuwa a gaban injin, na tambaye shi abin da yake ji, kuma na gwada da kaya mafi muni da ake kawowa. Wasu masu kamfani suna ganin ɓata lokaci ne. Ba na musu da su, ba na kuma fasawa.

Ciwon dai bai tafi ba, na daina sa ran zai tafi. Na san cikin masu karanta ni akwai 'yan yankinmu, kuma wataƙila wani ya taɓa jin wani abu game da wani tsoho mai ɗinkin buhu, a bakin kawunsa ko a wajen hira. In kai ne, don Allah ka koma ka gaya wa wanda ya gaya maka. Bai ɗibi ko ƙwaya ɗaya ba. Ni ne na ƙi yin taku uku in ɗauko buhun.